Sikelin nan mai auna kitse, gaskiya yake faɗa kuwa?

Maman Ihsan, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Likita ya ce in rage ƙiba saboda hawan jini, na kuwa dage. Na bar lemon kwalba, na rage burodi da shayi mai kauri, tuwon dare ma rabin malmala nake ci. Maigidana ya sayo min sikeli a Ikeja, irin mai gilashi da ƙarafa a wajen taka ƙafa, yana haɗuwa da waya ya nuna kilo da yawan kitse. Kilo dai na sauka a hankali, alhamdu lillahi. Kitsen ne ya ɗaure min kai. Da safe ya ce 38 cikin ɗari, da yamma 35, washegari ya koma 39. Ranar da na yi azumin Litinin ma ƙaruwa ya yi! Jabu aka sayar mana ne? In sa a mayar?

Hajiya Mai Atamfa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ke dai 'yar nan kina son wahalar da kanki. Rigar da ta matse ki bara, ɗauko ki saka. In ta shige, magana ta ƙare.

Anti Nas, Ketu:
Maman Ihsan, kada ki mayar, ƙalau yake. Duk haka suke, har masu tsadar. Sikelin ba ya ganin kitse. Ƙarafan da kike takawa suna tura wata 'yar wutar lantarki mai rauni da ba kya jin ta, ta hau ta ƙafa ɗaya ta sauko ta ɗayar. Ruwa na barin wuta ta wuce, tsoka kuwa cike take da ruwa, shi kitse tare hanya yake yi. Sai na'urar ta duba yadda wutar ta sha wuya kafin ta wuce, ta haɗa da tsawonki da shekarunki da kika shigar a waya, ta yi kintace. Kin ga ke nan abin da take bi shi ne ruwan jikinki.

Da asuba kin kwana ba ki sha komai ba, dole lambar ta hau. Da yamma kin ci kin sha, kin wuni a tsaye ruwa ya taru a ƙafafu, sai ta sauka. Azumi kuma a zafin Legas, ga gumi ba ya tsayawa, jiki ya bushe, na'ura ta ɗauka kitse ne ya ƙaru. Kilo ɗaya na kitse ya kai kusan kalori 7,700, ba abin da zai narke tsakanin hantsi da la'asar ba ne, balle ya dawo da dare.

Wani abin kuma, tunda wutar ta ƙafafu take bi, tumbin da likita ya fi damuwa da shi ba ta cika shiga cikinsa ba.

Maman Ihsan:
Ikon Allah. To Anti, ba shi da amfani ke nan?

Anti Nas:
Yana da shi, in kin daina hawansa safe da yamma. Ki zaɓi lokaci ɗaya: da safe bayan kin zaga, kafin karyawa, kafin wanka. Ki ajiye shi a kan tayil ko siminti, ban da kafet. Ƙafa ba safa, a goge take. Ki riƙa rubutawa, sai bayan wata ɗaya ko biyu ki duba ko lambar ƙasa take gangarawa. Ita kanta 38 ɗin kada ki rantse a kanta, tana iya kauce wa gaskiya da maki da dama. Mai son sahihin awo sai hoton DEXA na asibiti, wato wani hoton X-ray mai rarrabe kitse da tsoka da ƙashi, ke kuwa ban ga abin da zai kai ki kashe wannan kuɗin ba.

Ummi Tela, Mile 12:
Ni zan goyi bayan Hajiya, amma da tef. Riga tana buɗewa, wani telan ma ya sakar miki ita ba ki sani ba. Ki sami tef ɗin ɗinki ki zagaya shi saitin cibiya, ki saki numfashi, ban da shanye ciki irin na ranar biki. Abin da ake so, ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, ƙugunta ya tsaya ƙasa da 80.

Maman 'Yan Biyu, Obalende:
A ƙara da kaushi. In tafin ƙafa ya bushe ya yi faso, wutar ba ta kama fata sosai. Sannan gab da al'ada jiki na riƙe ruwa, haka in aka kwana da tsire ko miyar da ta ji gishiri da magi. Kilo sai ya hau, hankalin mutum ya tashi a banza.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku tsaya, wuta kuka ce? Surukata na da juna biyu, kullum tana kan irinsa.

Anti Nas:
Hajiya, ki ce ta bar ɓangaren kitsen, ta nemi sikeli na kilo zalla. Masu ƙera shi da kansu suna cewa mai ciki ta bari, lissafin ma ba ya yin daidai a kanta. Wanda kuma aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko kusa kada ya taka.

Maman Ihsan, ki duba maganinki na hawan jini. Akwai masu sa yawan fitsari, su ma suna rage ruwan jiki, lambar ta yi ta rawa. Kada ki ajiye magani don kin ga kilo ya sauka, likitan da ya ɗora ki a kai shi zai rage. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, in ya zarce haka da yawa ko kina jin jiri, ki koma ki gan shi.