A biya mu mu farfasa tsofaffin motoci? Muhawarar zauren 'yan Birni

Malamin Lakwal: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da safe na ɗauko 'yata a babur zan kai ta lakwal, muka tsaya bayan wata Hiyas a bakin kasuwar Dole. Da direba ya taka, hayaƙin da ya turnuƙe bai bar ni na ga lambar motar ba. Yarinyar ta yi ta tari har ƙofar aji, farin hijabinta duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ga ra'ayina, kowa ya tofa: gwamnati ta sayi duk motar da ta haura shekara 20, ta biya mai ita, a farfasa ta. Jamus ta yi haka a 2009, Amurka ma ta yi a shekarar. In aka yi, iskar Damagaram za ta gyaru.

Alhaji Mai Hiyas: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya, Malam. Amma tawa ta haura shekara 20 ɗin da kake faɗa, kuma ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya a gidana, ban da yaron mota da iyalinsa. In an farfasa ta, ran Lahadi wa zai kai mutane kasuwar Miriya? Wa zai ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Magarya da tsakar dare?

Malamin Lakwal: Ai ba ƙwacewa za a yi ba, Alhaji. Biyanka za a yi.

Alhaji Mai Hiyas: A biya ni nawa? Kuɗin su sayi me?

Ɗan Jamus: Ku ba ni dama, tunda ina nan Jamus aka yi abin. A 2009 gwamnatin Jamus ta ba da Yuro 2,500 ga wanda ya kai motar da ta kai shekara 9 aka murƙushe ta, ya sayi sabuwa. Da kuɗinmu sefa miliyan 1 da jika 640 ke nan. Yuro biliyan 5 suka ware, aka karɓi mota kusan miliyan 2. Ku juya biliyan 5 ɗin zuwa sefa, za ku ga ya kama kusan kasafin kuɗin Nijar na shekara guda cur.

Amma Yaya Malam, abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin. Lokacin tattalin arzikin duniya ya durƙushe, masana'antun motocinsu na shirin sallamar ma'aikata. Kuɗin da gwamnati ta ba Bajamushe, kamfanin mota ya koma, kuma da yawan kamfanonin nasu ne, irin su Volkswagen da Opel. Amurka ma haka, zamanin Obama: dala 3,500 ko 4,500 kowace mota, dala biliyan 3 gaba ɗaya, mota kusan dubu 700, cikin wata biyu kuɗin suka ƙare. Mu ba mu ƙera mota. Duk sefar da aka bayar, tashar jirgin ruwa za ta nufa, ta dawo mana da wata tsohuwar.

Baba Mai Gareji: Ɗana, tsaya. Shekara 9 ka ce? Motar shekara 9 a garejina sabuwa ce, leda kawai aka cire mata.

Ɗan Jamus: Wallahi Baba, 9. A Amurka ma wani ruwa suke ɗura wa injin a madadin baƙin mai, su tayar da shi har ya ƙame, don kada wani ya sake amfani da shi. Na nan Jamus kuwa, daga baya aka gano wasu motocin da aka rubuta an murƙushe su ashe an sulale da su Afirka da gabashin Turai.

Baba Mai Gareji: To ku saurara, ni na kwana a ƙarƙashin mota shekara talatin da ɗoriya. Hayaƙi ba shekaru yake nunawa ba, ciwo yake nunawa. In shuɗi ne, injin na shan baƙin mai, ringi ya cinye. In baƙi ne wuluk kamar wanda Malam ya gani, gazuwal ne ba ya ƙonewa daidai: ko injekta masu fesa mai cikin inji sun lalace, ko famfon mai ya kauce, ko matatar iska ta toshe. Jiya na kwance ta wata mota mai zuwa Tanut, na buga ta a ƙasa, yashin da ya zubo ya cika tafin hannuna biyu. Mai ita ya ce a hura a mayar, ba shi da kuɗin sabuwa. Na hura na mayar, me zan yi?

Sannan akwai tukunyar nan da ke jikin salansa, katalizer, wadda 'yan Najeriya ke ce wa indomi saboda cikinta. Ita ke tace guba kafin hayaƙi ya fita. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa ake yanke ta. Wata tun a Turai ake cirewa kafin a loda motar a jirgi, wata a hanya, wata kuma a nan mai motar ke sayarwa ranar da babu cefane. Ka ba mutum motar shekara 10 wadda aka yanke wa wannan, ba ta fi ta Alhaji tsabta ba.

Malamin Lakwal: Baba, na yarda gyara na taimakawa. Amma injin da aka ƙera a 1995 ko ka wanke shi da zamzam ba zai zama na yau ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020: tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi yawa. Mun zama juji. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Hajiya Malamar Asibiti: Malam, ƙanena, ni nake karɓar yaran da kake magana a kansu, don haka ba zan ce hayaƙin mota ba ya cutarwa ba. Yana cutarwa, musamman 'yan kabu-kabu da masu talla a bakin titi da ke shaƙarsa wuni guda. Amma in uwa ta kawo mini jariri haƙarƙarinsa na faɗawa in ya ja numfashi, tambayata ta farko ita ce: a ina kike girki, kuma ina yake lokacin? Amsar kusan kullum ɗaya ce. Yana goye a bayanta, tana tsugune gaban murhu, iccen ɗanye ne, madafar ba taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara. Ga kuma hazon hunturu da ke taso mana daga Bodele a Cadi, wanda ba mota ce ta kawo shi ba, ga ledar da ake ƙonawa a bola kowace magariba.

In gwamnati na da miliyan ɗaya da rabi na bai wa mai mota guda, ni dai a ba ni su in sayi tukunyar gas in raba wa gidaje. Gas ɗin nan a matatar mai ta SORAZ ake yin sa, a hanyar Tanut, tun 2011 matatar ke aiki. Mai mota ko ta tsufa yana da abin hannu. Matar da nake faɗa muku ko keke babu a gidansu.

Autan Zaure: Inna ta gama magana.

Malamin Lakwal: Ba ta gama ba, Auta. Hajiya, gaskiyarki a kan murhu, kuma na janye maganar duk mota. Motar gida da ke fita sau biyu a mako a bar ta. Amma motar haya da ke zagaya gari tun asuba har isha fa? Ita kaɗai tana zubar da hayaƙin motocin gida masu yawa. Kuma ba Turawa kaɗai suka taɓa wannan ba. Senegal ta fara a 2005: masu tsofaffin motocin haya na Dakar suka shiga ƙungiyoyi, aka biya su kuɗin tsohuwar, aka ba su ƙananan bas na Tata da ake haɗawa a garin Thiès, suna biya a hankali daga abin da suka samu. Masar ta yi wa tasin Alƙahira da suka wuce shekara 20 haka daga 2009. Maroko ta canza tsofaffin Marsandin tasi. Ba su ce wa direba ga kuɗi je ka nema ba, makulli suka karɓa suka ba shi makulli.

Ɗan Jamus: Wannan na fi yarda da shi. Amma a haɗa da ƙofar shigowa. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta amince a 2020 cewa ƙaramar motar da za a shigo da ita kada ta wuce shekara 5, man kuma a rage masa sinadarin sulfur. Mun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, sai dai mu kafa tamu dokar. In ba haka ba, kana farfasa ɗaya a Zinder, uku na sauka a Lome.

Baba Mai Gareji: Kuma wa zai tsaya a kan farfasawar? Ku san 'yan gwangwan. A rubuta an farfasa da safe, da yamma injin na kasuwa, jibi yana cikin wata motar. Ni kaina za a kawo wa in ɗaura.

Alhaji Mai Hiyas: Malam, yanzu ka zo inda zan iya zama da kai. Ni ma ba son hayaƙin nake ba. Ni ke zaune a kansa daga nan har Magarya, in na dawo in tofa yawu baƙi ne, matata ta gaji da wankin riguna. In za a karɓi makulli a ba ni makulli, ga sharuɗɗana. Motar ta iya yashi da ramukan hanyarmu, ta ɗauki buhunan gero a sama. Kayan gyaranta su kasance a nan garin, ba sai an aika Kano ko Yamai an jira mako biyu ba, kuma Baba ya iya buɗe ta ba sai da kwamfuta ba. Biyan kuma a duba damina, lokacin da fasinja ke gona. Na ƙarshe, bashin kada a sa masa ruwa. In da ruwa a ciki, ko an kawo ta ƙofar gidana ba zan hau ba.

Hajiya Malamar Asibiti: Kafin nan, Alhaji, ka kai wa Baba ita ya duba. Yarinyar Malam gobe ma ta nan za ta bi. Malam, in tarin ya kwana uku ko ka ji ƙirjinta na fito da dare, kawo mini ita.

Baba Mai Gareji: Kawo ta ran Asabar bayan azahar, Alhaji. Ka sayo matatar iska sabuwa, kuɗin hannu na yafe.

Alhaji Mai Hiyas: Allah ya kai mu. Sai dai in injekta ne, sai bayan kasuwar Miriya, don yanzu ba ni da kuɗinsu.