Shin ya dace a biya 'yan gida ladan aikin lambu da zaman rumfa?

Ɗan Lambu, Bukuru

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san a nan akwai manoma da 'yan gwari waɗanda suka riga ni ganin irinta.

Mahaifinmu yana da lambu a bakin wani tsohon tafkin kuza da ke kudu da Bukuru, irin ramukan nan da kamfanonin haƙar ma'adinai suka bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su har suka zama abin dogaron masu noman rani. Muna noman kabeji da karas da latas da koren wake, idan damina ta sauka kuma mu sa dankalin Turawa da masara. Mafi yawan amfanin yana tafiya kasuwar Farin Gada, inda dillalai ke saye su loda wa motocin Abuja da kudancin ƙasa, ragowar kuma muna sayarwa a wata rumfa da muka kafa a bakin titi, saboda matafiyan da ke fita daga Jos ta Mararrabar Jama'a ba sa son su koma gida babu tsarabar kayan lambu.

Mu bakwai ne ke riƙe da wannan aiki. Baba ne ke tsara abin da za a shuka da lokacin da za a cire, ni da ƙanena muke ban ruwa da feshi da kai kaya kasuwa, Inna da ƙanwata ne a rumfa, sai 'yan ƙodago biyu da ke zuwa kusan kullum. Waɗannan biyun ana sallamarsu kowace yamma, amma ƙanena, wanda ya fi kowa shan wahala tunda shi ke tada injin ban ruwa tun duku-duku, ba ya samun komai sai abinci da ɗan abin da ya roƙa. Makon jiya ya ce zai bar lambun ya koma tuƙa keke Napep a cikin gari. Da na tuntuɓi Baba, sai ya ce ɗa ba ya karɓar lada a gonar ubansa, domin gobe gonar tasa ce. Ni kuwa na tsaya a tsakiya, ba na son in saɓa wa mahaifi, kuma ba na ganin laifin yaron. Yaya kuke yi da 'yan gida a naku gonakin?

Dattijon Gangare

Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar mahaifinku tana da asali, sai dai rabinta ya faɗa maka, kuma ina zaton ba da gangan ya bar ɗaya rabin ba, zamani ne ya shafe shi.

Abin da yake nufi shi ne gandu, wato gonar gida da uba da 'ya'yansa maza ke nomawa tare, kuma gaskiya ne ba a taɓa biyan ɗa lada a gandu ba. Amma gandu yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Ɗa yana ba da ƙarfinsa tun safe har wajen azahar, shi kuma mai gandu wajibinsa ne ya ciyar da shi, ya ba shi fartanya da garma da iri, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Bayan wannan duka akwai gayauna, wadda ita ce 'yar gonar da ake yanka wa ɗa ta zama tasa shi kaɗai, yana shiga cikinta da yamma da kuma ranar da ba a fita gandu, abin da ya samu a ciki kuwa ko ubansa ba ya tambayarsa yadda ya yi da shi. Mu da muka taso a wannan tsari, da kuɗin gayauna muka sayi keken hawa na farko da rigar sallah, kuma saboda ita ne ba mu taɓa jin cewa bauta muke yi a gandu ba.

To ka duba lambunku, ina gayaunar ƙanenka? Noman rani ba ya barin mutum ya tashi da azahar, domin ban ruwa safe da yamma ne, ga feshi, ga kai kaya kasuwa da asuba, saboda haka an karɓe dukan yininsa ba a ba shi komai a madadin gayaunar ba. Shawarata ita ce kada ka je wa mahaifinku da kalmar albashi, domin za ta yi masa nauyi a kunne, zai ga kamar ana son a mai da ɗansa bare. Ka ce masa a yanka wa yaron gayauna, ko da fangali goma ne a gefen lambun, ya sa abin da yake so, a bar shi ya yi amfani da injin gida, shi kuma ya sayi mai da taki na rabonsa. Dattijon da ya san gandu ba zai iya musun gayauna ba. Kuma kada ka yi maganar kai kaɗai, ka nemi wani ƙanen mahaifin naku ko amininsa ya shige gaba.

Uwar Rumfa, Hawan Kibo

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar a kan ɗa namiji, amma ina neman izini in tuna muku da mutum biyu da mai tambaya ya ambata ya wuce, kuma kai ma ba ka waiwaye su ba. Ina gayaunar yarinyar da ke zaune a rumfa?

Na shafe shekaru ina sayar da kayan lambu a bakin hanyar da ke gangarawa Akwanga, kuma na lura maza suna ɗaukar zaman rumfa a matsayin hutu, wai mutum yana inuwa yana karɓar kuɗi. Wanda ya taɓa tsoma hannu cikin ruwa ya wanke karas da asubahin watan Disamba a saman dutsen nan, lokacin da sanyi ke tsaga fata, ba zai faɗi haka ba. Kafin motar farko ta tsaya sai an ware manya da ƙanana, an ɓare ganyen kabejin da ya yi baƙi, an kasa komai kashi-kashi yadda zai ɗauki idon mai wucewa da gudu, sannan duk yini ana yayyafa wa latas ruwa kada ya yanƙwane. Idan mota ta tsaya, da gudu ake zuwa, kuma hanyar ba ta rabo da manyan motoci. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma aikin ya ƙaru da wani abu, domin yanzu yawancin masu saye tiransifa suke yi, sai mai rumfa ta iya bambanta saƙon banki na gaskiya da na bogi kafin motar ta tashi. Ni kaina an taɓa tafiya mini da kwandon dankali guda a haka.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne sanin ciniki, wanda ba a koyonsa a mako ɗaya. Mai rumfa ce ta san wane mai saye ne za a yi wa gyara domin ya dawo, da wanda zai taya rabin kuɗi ko me aka ce masa, da lokacin da ya kamata a karya farashin latas tun la'asar saboda gobe ba zai sayu ba ko kyauta. Kuɗin da ke shigowa ta hannunta shi ne na cefanen yau da kullum, tunda na Farin Gada sai an cire kaya ake ganinsa, kuma bayan an fitar da la'adar dillali da kuɗin mota. Malam mai tambaya, ka yi lissafin abin da za ku rasa ranar da ƙanwarka ta yi aure ta bar rumfar, sannan ka gaya mini ko ba ma'aikaciya ba ce. A tawa rumfar, 'yata tana da wani kaso sananne a cikin cinikin kowace rana, ina ware mata shi da magariba a gabanta, tana zuba shi adashe. Tun da na fara haka ban ƙara yi mata faɗan tashi da safe ba. Mahaifiyarku kuwa ba za ta taɓa buɗe baki ta nemi komai ba, don haka ku ne za ku tuna da ita.

Manomin Bokkos

Sannunku da ƙoƙari. Ni dankali nake nomawa, kuma zan yi magana ne a kan 'yan ƙodagon nan biyu, domin ina ganin su ma akwai gyara a yadda ake tafiyar da su. Mutumin da ke zuwa kusan kullum ya wuce ɗan ƙodago, ya zama ma'aikacin gona, kuma idan ana sallamarsa da yamma kamar baƙo, ranar da ya ji ana samun kuɗi a ramin haƙar kuza ba zai yi muku sallama ba. Mu a nan mun sha ganin haka, musamman lokacin haƙar dankalin damina a watannin Yuli da Agusta, sa'ad da kowa ke neman hannu a lokaci guda domin ya riski kasuwar Maikatako.

Ayyukan da ake iya aunawa, kamar huɗa da cire ciyawa da haƙa, na fi son in ba da su jinga, a yi ciniki a kan fili kaza, mutum ya gama da wuri ya tafi. Amma feshi da dashe ban taɓa ba da su jinga ba, saboda mai sauri zai tsallake layi, kuma cutar da ke ƙona ganyen dankali idan ruwa ya yi yawa ba ta bukatar fiye da 'yan kwanaki ta gama da gona. Waɗannan na yini ne, kuma mutanen da na amince da su kaɗai nake ba wa, tare da takalmin roba da abin rufe hanci da sabulun wanka, domin maganin feshi guba ne. Wanda ya kai shekara tare da ni, ina ba shi kunya biyu ko uku a ƙarshen gona ya sa nasa. Ashe dai gayaunar da Baba Dattijo ya faɗa ce nake yi ban san sunanta ke nan ba.

Akawu, Rayfield

Zan ƙara abu biyu a taƙaice. Na farko, a bar maganar doka a gefe, domin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka nan masu aikin jinga da na lokaci-lokaci irin na noma. Amfaninsa a nan shi ne ya zama ma'auni, ku ga nawa ne ƙarfin ɗan gida zai ci idan da bare za ku ɗauka. Lambun da ake ganin yana riba, sau da yawa ribar tasa ladan 'yan gida ce da ba a biya ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tada inji ya ninka.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, maganar cewa gobe gonar tasa ce ba ta cika daidai ba. Idan ta Allah ta kasance, bayan tsawon rai, gonar ta dukan magada ce, uwargida ta ɗauki tumuninta, 'ya'ya su raba saura, namiji rabon mata biyu, kuma wanda ya yi shekara goma yana ban ruwa ba a ƙara masa ko taku ɗaya a kan ɗan'uwansa da ke aikin ofis a Abuja. Na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan wannan, domin wanda ya yi wahalar yana ganin an cuce shi, sauran kuma suna ganin shari'a suka bi, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Tun mahaifi yana raye ake sallamar mai aiki. Ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, na lambu daban, na rumfa daban, na cefanen gida daban.

Ɗan Lambu, Bukuru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba Dattijo, na je da baffanmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma shi ya yi maganar, ni ina gefe. Da ya ambaci gayauna Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma kakanmu ya yanka masa tasa tun bai yi aure ba, kuma da ita ya sayi tumakinsa na farko. An ware wa ƙanena fangali goma sha biyu ta wajen bakin ruwa, ya ce koren tattasai zai sa, kuma ya jingine maganar keke zuwa bayan ya ga abin da kakar farko za ta ba shi.

Na rumfa ne bai kammalu ba. Baba ya amince a riƙa ware wa ƙanwata wani abu, amma Inna ta ce ita ba za ta karɓi lada a kan abincin 'ya'yanta ba, kuma ta ƙi yarda a rubuta cinikin rumfa a littafi, wai hakan yana nuna ana zarginta ne. Hajiya Uwar Rumfa, don Allah ki faɗa mini yadda kike lissafa kason 'yarki, shin a kan dukan cinikin rana ne ko bayan an cire kuɗin kayan da aka kawo daga lambu, domin mu ba mu taɓa sa wa kayan da ke zuwa rumfa farashi ba.