Mudu ya rinjayi tiya: musayar baitoci kan zaɓen Amurka na 2016

Ɗan Kurmi:

Assalamu alaikum, masu baiti,
Na zo da tambaya, ku faɗa mini gaskiya.

8 ga Nuwamban 2016 aka yi zaɓe,
Amurka ta kaɗa ƙuri'a, aka shiga ƙidaya.

Hillary Clinton ta ɗara Donald Trump
Da kusan miliyan 3, a gaban idon duniya.

Amma Trump aka rantsar ran 20 ga Janairu,
A wace kasuwa mudu ke rinjayar tiya?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikas salam, ɗana, zauna ka ji,
Ba maguɗi ba ne, ba a saci akwati ba.

Can jiha-jiha ake yin awon,
Ba a juye ƙuri'un ƙasa a buhu ɗaya ba.

Wakilan zaɓe 538 ke naɗa shugaba,
Wanda bai kai 270 ba, bai ci ba.

Asalin adadin: 435 na Majalisar Wakilai,
Sanatoci 100, da 3 na birnin Washinton, ban ƙara ba.

Kujerun jiha a majalisun biyu su ne rabonta,
Shi ya sa ba a ba wata jiha ƙasa da 3 ba.

Wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ya ɗara,
Ya kwashe wakilan kaf, na biyu bai ga ko ɗaya ba.

Meyin da Nebraska kaɗai ke rabo ta mazaɓu,
Meyin ta ba Trump 1, ba ta cika wa Hillary 4 ba.

Hajiya ta Damagaram:

Malam, Allah ya ja kwana, ka ɗora tukunya,
Ni zan nuna inda ruwanta ke tsiyayewa.

Kalifoniya ta ba Hillary ratar sama da miliyan 4,
Wakilai 55 ta samu, babu ƙaruwa.

Da ratar ƙuri'a ɗaya ma 55 ɗin ne,
Ragowar ruwa ne a cikakkiyar randa, yana zubewa.

Mishigan, 10,704 ce tazarar Trump,
Wakilai 16 suka bi shi, babu rabawa.

Wiskonsin 22,748, wakilai 10,
Fensilbeniya 44,292, 20 sai kwashewa.

Haɗa su: ƙuri'a 77,744, wakilai 46,
Su suka kai shi 306, ita a 232 sai tsayawa.

Da ukun nan sun juya, da 278 za ta tashi,
Wiskonsin ɗin kuwa tun bayan fidda gwani ta daina zuwa.

Ɗan Kurmi:

Inna, na gode, amma da sauran rina a kaba,
304 da 227 na gani a ƙarshen ƙidaya.

Ina bakwai suka shige? Sannan ga Wayomin,
Ba ta kai mutum 600,000 ba, ga wakilai 3 a ajiya.

Kalifoniya mai miliyan 39 a 2016 tana da 55,
Wakilinta guda na ɗauke da 700,000 a wuya.

Na Wayomin ko 200,000 bai ɗauka ba,
Ni dai ban ga adalci ba a wannan hanya.

Baba na Zangon Kumasi:

Yaro, wakilan nan mutane ne, jam'iyya ke tsayar da su,
19 ga Disamba suka zauna, kowa a jiharsa.

Bakwai suka bauɗe: biyu a Teksas suka bar Trump,
Biyar suka bar Hillary, kowa ya rubuta gwaninsa.

Huɗu daga jihar Washinton, ɗaya daga Hawayi,
Huɗun an ci su tarar dala 1,000, kowa a kansa.

A 2020 Kotun Ƙoli ta ce jiha na da iko
Ta hukunta wakilin da ya karya alkawarinsa.

6 ga Janairun 2017 majalisa ta buɗe takardun,
Biden, mataimakin shugaba a lokacin, ya shelanta da bakinsa.

Batun Wayomin gaskiyarka, sanatoci biyun kowace jiha ne sila,
Sai dai kwashe-duka ya fi shi ɓarna da nisa.

Kuma dokar jihohi ce, su suka zaɓar wa kansu,
Tsarin mulki bai sa shi ba a cikin sassansa.

Malam Mai Lissafi:

Alhaji, haka yake. Ɗana, mu ma a Najeriya
Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba.

Sai da kashi 25 cikin 100 a jihohi 24,
In bai cika ba a sake zagaye, ba a miƙa wa na biyu ba.

Can sau 5 mai rinjaye ya rasa kujera:
1824, 1876, 1888, ban gama ba.

2000, Bush da Gore, ƙuri'a 537 a Fulorida,
Sai 2016, wadda ba ta bar ka ka yi barci ba.

Soke tsarin sai biyu bisa uku na majalisun biyu,
Da jihohi 38, ƙananan kuwa ba za su sa hannu ba.

Hajiya ta Damagaram:

Malam, ka bar guda: in an yi kunnen doki, 269 da 269,
Majalisar Wakilai ce ke zaɓar mai hawa.

Kowace jiha ƙuri'a ɗaya, 26 ake nema,
A nan Wayomin da Kalifoniya kai ɗaya suke tsayuwa.