Kai baƙi cin abinci a manyan brasserie na Paris: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum. Za mu karɓi abokan kasuwanci mutum shida a Paris, huɗu Musulmi ne. An ba mu shawarar brasserie biyu, wato manyan gidajen abinci irin na Faransa: Bofinger kusa da dandalin Bastille ko La Coupole a unguwar Montparnasse. Masana, mene ne amfaninsu, kuma ina matsalar take?

Kukun Otal: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Babban amfanin irin waɗannan gidaje shi ne lokaci da fili. Gidajen abinci da yawa a Faransa suna kashe wuta bayan abincin rana, sai wajen ƙarfe 7 na yamma su sake buɗewa, amma manyan brasserie suna kaiwa dare sosai, kuma teburin mutum shida ba ya gagararsu. Ga kwarjini: Bofinger tun 1864 yake, da rufin gilashi mai launi a tsakiyar zaure, La Coupole kuwa an buɗe ta a 1927.

Rauninsu daga yawan baki yake fitowa. Kicin da ke ciyar da ɗaruruwa a dare ɗaya dole ya haɗa miya da romo tun da rana. Tsakanin ƙarfe 8 da 9 da rabi oda ke taruwa, faranti ya jira a ƙarƙashin fitilar ɗumama, kifi ya bushe, soyayyen dankali ya yi laushi. Ku kama tebur ƙarfe 7 ko bayan 9 da rabi, kuma ku zaɓi abin da ba a dafawa sai an nema, kamar sole meunière: kifin da ake barbaɗa wa fulawa, a soya da man shanu, a matsa lemun tsami. Yana da tsada, amma nan ake gane hannun kuku.

Hajiya Mai Girki: Ni abin da ya fi damuna shi ne baƙinku huɗu. Abincin da Bofinger ya yi suna da shi choucroute ne na yankin Alsace, kabeji mai tsami da naman alade iri-iri. Wannan a fili yake; ɓoyayyun ne abin tsoro. Lardons ƙananan yankan alade ne da ake zubawa a salak da miya. Bœuf bourguignon, wato miyar naman sa, da jar giya ake dafa shi, moules marinières, wato kayan teku masu ɓawo, da farar giya, miyar albasa ma sau da yawa ana sa mata giya. A kayan zaƙi ku guji baba au rhum da crêpes Suzette, domin akwai giya a cikinsu. Naman sa da na rago kuma kada a ɗauka yankan Musulunci ne, har da naman rago mai kori (curry) da La Coupole ta shahara da shi, sai an tambaya an tabbatar. Kayan teku dai a mazhabar Malikiyya duk halal ne, don haka babban farantin jatan lande da ƙaguwa ya wadatar, sai dai a gaya wa baƙi cewa kawa (oyster) ɗanya ake cinta. Ku ce wa ma'aikaci «sans porc, sans alcool», wato ban da alade, ban da giya, tun kafin oda.

Ɗan Maraɗi: Na gode, Hajiya. Batun kuɗi fa?

Kukun Otal: Ladan hidima yana cikin farashin da ke rubuce, ƴan yuro kaɗan sun isa tukuici. Ku nemi carafe d'eau, ruwan famfo ne kyauta. In kuka ce "ruwa" kawai, na kwalba za a kawo a caje ku. Da rana akwai formule, kwano biyu ko uku a farashi ɗaya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku kuma duba alamar fait maison, ƴar tukunya mai rufin gida, wadda aka fito da ita a 2014 don nuna abin da aka dafa a wurin.

Amma in ciniki za ku ƙulla, tebura a matse suke kuma hayaniya ta yi yawa, musamman a babban zauren La Coupole. Lokacin kama wuri ku nemi tebur na lungu, ko ɗakin sama a Bofinger.