Salon faɗa ɗaya ko da yawa: wanne ya fi amfani wajen kare kai?

Bakano: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malamin da yake koya mini karate ya ce in zaɓa, ko in daina zuwa wajen masu kokawa ko in daina zuwa wajensa, wai haɗa salo biyu yana ɓata tsayuwar ɗalibi. Ni kuwa ina ganin mai son kare kansa dole ya iya naushi da shuri da kokawa, domin mai ƙwacen waya ba zai tambaye shi salon da ya koya ba. A gasar UFC ta farko, wato gasar da ake haɗa masu salon faɗa daban-daban, da aka yi a Denver ta Amurka a 1993, Royce Gracie ya kai ɗan damben zamani Art Jimmerson ƙasa, shi kuwa da ya ji shi a kwance sai ya sallama, saboda bai san abin da ake yi a can ba. Ko damben gargajiyarmu wasa ne kawai idan ana maganar kare kai.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Abokin wasana, misalinka ya juya maka baya, domin Gracie da salo ɗaya ya ci wannan gasa, wato jiyujitsun Burazil da ya gada a gidansu. Da Kamaru Usman ka kawo, wanda ya fara da kokawa sannan ya ƙara da naushi har ya karɓi kambun UFC a 2019, da maganarka ta fi tsayawa.

Bakatsine: Malam Bakano, ka janye kalmar nan ta wasa. Mutumin da aka ɗaure wa hannu da ƙyalle da zare har ya zama mashi, ya sa ɗaya hannun a matsayin garkuwa, ya tsaya turmi uku gaban abokin karawarsa, shi ne kake cewa yana wasa? Idan an kai mutum ƙasa a dambe kisa ake kiransa, kuma waɗanda suka sa masa wannan suna sun san abin da suka gani.

Bakano: Yallaɓai, ai kowa wasan dambe yake cewa, har 'yan jarida.

Bakatsine: Akwai bambanci tsakanin wasan dambe da cewa dambe wasa ne kawai, kuma kai ma ka sani. Wannan "kawai" ɗin ita ce raini ga mahauta da suka riƙe abin nan tun kaka da kakanni, da shahararrun 'yan dambe irin su Shago da har yau ake ambaton sunansu.

Badamagare: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, amma idan ana neman abin da ba wasa ba, a zo Nijar a ga kokawar takobi, gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohi takwas suna turo gwanayensu. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi sau da dama, kuma ban ga ɗan damben da zai tsaya da ƙafafunsa idan ya riƙe shi ba.

Basakkwace: Sai ya kai ga riƙon tukuna, ɗan'uwa. Ɗan dambe guda daga ɓangaren Arewa ya ishe shi, ba ma sai an kira 'yan damben ɓangaren Kudu ba, waɗanda yanzu shuri ya fi yawa a dambensu.

Bakatsine: 'Yan Kudun ne kake faɗa wa haka? Ka je ka tambayi 'yan damben ɓangaren Guramada abin da suke sha a hannunsu.

Bazazzagi: Jama'a, tambayar ita ce ko haɗa salo yana da amfani, kuma ba wanda ya ce uffan a kan wuƙar da masu ƙwacen waya suke riƙewa.

Shugaban zaure: Za mu rufe a nan saboda dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne yawancin jama'a sun amince dambe ba wasa ba ne, kuma ya kamata Malam Bakano ya nemi afuwar masu wannan sana'a, wadda mu a gidanmu muka tashi muka tarar. Maganar da aka yi a kan Isaka Isaka ba ta da hujja tunda ɗan kokawa ne, ba ɗan dambe ba. Batun karate kuwa, a kai shi wani zauren.