Wace kalma za mu ba "zifa gong" a Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. A cikung, motsa jikin nan na Sinawa da ke haɗa numfashi da natsuwa, akwai abin da suke kira zifa gong. "Zi" na nufin da kansa, "fa" tasowa, "gong" ƙwarewar da dogon aiki ke haifarwa. Mutum yana tsaye, ya rufe ido, ya saki gaɓoɓinsa, sai jiki ya fara motsi ba da umarninsa ba.

2/ Idan ana yi a taro, iri biyu ake gani. Wani rangaji kawai yake yi, gaba da baya, ko numfashinsa ba ka ji. Na kusa da shi kuwa karkarwa yake, yana buga ƙafa, ya yi kuka, ya yi dariya, har ya kai ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980, laccocin Yan Xin, wani malamin cikung a ƙasar Sin, sun tara dubban mutane a manyan ɗakunan wasanni, kuma da irin wannan ihu da makyarkyata aka san su.

3/ Na san abin da ke bakin kowa: bori. Wani ma ya ce mini hawan iska. Ban yarda ba, ko kaɗan. A bori ana cewa wani ne ya hau mutum, shi ke magana, shi ke motsi. A nan malaman abin suna nanata cewa hankalinka na tare da kai, kuma kai za ka tsayar da motsin a hankali idan lokacin rufewa ya yi. Wanda ya kasa tsayawa, a wurinsu matsala ce, har suna da sunanta: zou huo ru mo. Ga wata illar kuma: in muka ce bori, mai ihu kaɗai muka kwatanta, mun bar mai rangaji a waje.

4/ "Motsin ganin dama" ya juya ma'anar, tunda ba da niyya ake yi ba. "Sakin jiki" ya yi kusa, har na so in tsaya a kansa, amma Bahaushe zai ji kamar an ce wa baƙo ya zauna ya sake.

5/ Abin da na tsayar: sakin linzami. Mahayi yana kan dokinsa bai sauka ba, sassautawa kawai ya yi. Dokin na iya takawa sannu, yana iya zabura, linzamin dai yana hannu.

6/ Daga nan rabon ya zo da sauƙi: sakin linzami na rangaji, da sakin linzami na zabura. Malami na iya cewa, "Yau ɗakin ƙarami ne, masu zabura ku koma baya, kada ku ɗauke hankalin masu rangaji."

Mutanen Zinder da Maraɗi, a kunnenku "rangaji" ya zauna, ko "tangaɗi" kuka fi ji?