Ƙananan motocin lantarki: ana gwada su da karo kafin su shiga kasuwa?

Danjuma_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙananan motocin lantarkin nan masu kujera biyu, irin Citroën Ami, ana yi musu gwajin karo kamar sauran motoci kuwa?

Injiniya_Sale:
Wa alaikumus salam, Malam Danjuma. Ba dole ba ne. Dokar Turai ba ta lissafa su a motoci ba, ajinsu ɗaya da babura, wato L6e da L7e. Ami tana L6e: gudu bai wuce kilomita 45 a awa ba, nauyi kuma kilo 425 ban da batir. Cikakkiyar mota sai ta ci gwajin karon gaba a kilomita 56 a awa, ƙa'idar R94, da na gefe a 50, ƙa'idar R95. Su an ɗauke musu wannan.

A 2014 Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwajin karon motoci a Turai, ta gwada irinsu guda huɗu a kilomita 50 a awa, har da Renault Twizy. A biyu daga ciki bel ɗin direba ya rabu da inda aka kafe shi. Bel kuwa in ya saki, kai da sitiyari ne.

Hajiya_Rabi:
Ƙari a kan maganar Injiniya: nauyi shi ne babbar matsala. Mai kilo 500 in ta yi taho-mu-gama da mai kilo 1,500, girgizar da za ta sha ninki uku ce ta babbar. Ga hancinta gajere, babu ƙarfen da zai lanƙwashe ya shanye bugun kafin ya kai ga ƙafafun direba.

Injiniya_Sale:
Gaskiya ne, Hajiya. Batir dai yana da tasa ƙa'idar, R136. Ana jijjiga shi, a kai shi zafin digiri 60, a mayar da shi sanyin 40 ƙasa da sifiri, a haɗa wayoyinsa biyu da gangan, a cika masa caji fiye da kima. Kada ya kama wuta, ya fashe ko ya yi yoyo.

Malam Danjuma, dillali in ya nuna maka takardar UN 38.3, ta jigilar batir ce kawai, ba ta shafi karo ba. Ka nemi ta R136, sannan ka leƙa ko bel a jikin ƙarfen motar aka ɗaure shi.